Kaset Tara Cikin Kular Abinci

A ajin ƙarshe na kwalej, kowane ɗalibi sai ya yi mako guda a wurin aikin wani babba, ya kalla, ya rubuta abin da ya gani. Istaj ake ce masa. Ƴan ajinmu wasu sun tafi kantin magani, wasu banki. Ni ba na iya shiga inda ban san kowa ba in ce a ɗauke ni, don haka na tafi wurin yayar babana, Gwaggo Mariama, mai ɗaukar bidiyon biki a nan Paris, unguwar Goutte d'Or.

Da na faɗa wa ƙawata Fanta, dariya ta yi. Ta ce, “Wannan ma aiki ne? Jan maɓalli za ki danna, shi ke nan. Ni ma ina yi da wayata.”

Ranar Litinin da safe na kai wa Gwaggo maganar. Shagonta ɗan ɗaki ne a bayan wani shagon sayar da waya, sai ka karkace kafin ka wuce tsakanin kanta da bango. Na same ta tana goge cikin wata tsohuwar na'urar kallon kaset da auduga a kan tsinke.

“Ki ce wa Fanta ta zo da wayarta ranar Asabar,” in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba. “Akwai suna a Belleville. In ta ɗauko uwar jariri cikin farar shadda, fuskar ta fito da ido da hanci, ni zan ba ta makullin shagon nan.”

Ta sauko da kamara daga saman kantar shagon, ta nuna min wani zobe da ke jikin idonta.

“Wanda ya ƙera wannan bai yi shawara da mu ba. In ta ga farin kaya sai ta tsuke ido, mace ta koma inuwa, sai haƙora da ɗan kunne. Ke za ki buɗe mata ido da hannunki. In kin buɗe da yawa shaddar ta ƙone, mai kaya ta ce kin ɓata mata ɗinki. Tsakanin fuska da shadda sana'ar take, ɗiyata. Rubuta wannan a kayenki.”

Na buɗe littafin rubutun, na rubuta.

Aikinta na farko a wani zauren haya ne kusa da Porte de la Chapelle. Lokacin tana sharar ofisoshi da sassafe, sai wani Basinigale mai ɗaukar bidiyo, Tonton Mamadu, ya nemi mace da zai koya wa aikin don ta riƙa shiga masa ɓangaren mata, tunda wasu gidajen ba sa barin namiji ya shiga da kamara. Shekara biyu ta yi tana ɗaura ɗamarar batir a ƙugu, tana riƙe masa fitila, bai bari ta taɓa kamara ba. Ranar da ya ɗora mata ita a kafaɗa, ta ce sai da ta ji kamar an aza mata ƙaramin buhun shinkafa. Ta shiga, ta ga ƙawayen amarya sun sha ado, ta fara da su.

“Uwar ango ba ta fito a kaset ɗin ba sai bayan minti goma. Da suka kalla a gida, ta miƙe ta ɗauki jakarta. Kaset ɗin nan bai je Maraɗi ba har yau. Tonton Mamadu bai yi min faɗa ba. Cewa ya yi, ‘Mariama, kin shiga gida kin gaida yara kin tsallake manya.’”

Daga nan ta koyi jerin. Uwar amarya, uwar ango, gwaggwanni da innoni bisa girmansu, sannan sauran jama'a, layi-layi, ba a tsallake kowa. Kowace fuska a tsaya mata numfashi uku. Ba a ɗaukar mutum da loma a baki. In ɗaurin mace ya zame, a kawar da kamara har ta gyara. Wanda ya ɗan ɗaga tafin hannu, a wuce shi ba tare da tambaya ba, shi ya san dalilinsa. Kuma kowa sai an matsa kusa da shi an ce ya faɗi sunansa da garinsu, ya gaida mutanen gida.

“Kaset ɗin nan ba don mu na nan ake yi ba,” in ji Gwaggo. “Jaka zai shiga ya tafi Damagaram. Tsohuwa za ta zauna gaban talabijin ta ga ko ɗiyarta ta rame. In kin wuce fuskar da gudu, me kika aika mata?”

Ranar Laraba da hantsi wani saurayi ya karkato ya shigo. Dogo ne, da jakar goyo, igiyar takalminsa ɗaya a kwance. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya tambayi gida da aiki da sanyi, Hausarsa tana tuntuɓe tana faɗawa Faransanci. Sunansa Bashir, an haife shi a Lyon, babansa mutumin Garwa ne.

“Hausar taka ta sha ruwan kogin Rhône,” in ji Gwaggo. “Biki ne ko suna?”

“Ba ko ɗaya ba, Tanti. Fim nake yi. An ce ke kika ɗauki bikin kiɗan nan da aka yi a Lyon, a bakin kogi, shekara goma sha biyar ke nan.”

Gwaggo ta ajiye tsinken auduga. Ta gyara zaman madubin idonta, ko da yake bai karkace ba.

“Wa ya ce maka?”

“Matar da ta dafa wa mawaƙa abinci. Ta ce akwai wata Hajiya daga Paris da kamara a kafaɗa.”

Ya ce yini uku aka yi ana kiɗa, na baƙar fata daga ko'ina, sannan ba a sake yi ba. Filin ma yanzu benaye ne. Duk abin da ya samu shi ne sautin da wani ƙaramin gidan rediyon unguwa ya naɗa, da takardar sanarwa guda ɗaya da ruwa ya ci gefenta. Masu ɗaukar nauyin fim sun ce masa babu hoto, babu fim. Ɗaya ma ya tambaye shi ko ya tabbata ba ɗan wasan unguwa ba ne aka kambama.

“Kaset ɗin suna nan,” in ji Gwaggo. “Amma an taɓa maido min su. Ban son a maido min su sau biyu.”

A ranar na ji labarin aikin Lyon. Shugaban kwamitin bikin, Malam Isa, ɗan Chadi ne. Matarsa ce ta ga aikin Gwaggo a wani aure ta ce a kira ta. Ta shiga jirgin ƙasa da kamara da batir huɗu da kaset tara. Ta ce ba ta taɓa ganin baƙar fata da yawa haka a wuri guda ba tun da ta bar gida. Makaɗan ganga daga Guadeloupe, masu jita ƴan Kwango, masu molon da ake kira kora ƴan Mali, wani mai gurmi daga Nijar, da samarin unguwa masu waƙar zamani. Ta tsaya ta duba filin, ta nemi inda tsofaffi suke zaune, ta fara da su.

“To me zan yi? Taro na gani. Na yi abin da ake yi wa taro.”

Bayan mako guda ta koma Lyon, kwamiti ya zauna, aka sa kaset na farko. Suka kalli minti ashirin. Malam Isa ya ce a tura gaba. Aka tura. Ya ce a sa na biyu. Sannan ya juyo, gaban mutum goma sha, ya ce, “Hajiya, ina mawaƙan? Mun kawo mutane daga bayan teku, kin ɗauko mana bayan kansu daga nesa. Wa ya ce miki aure muke yi?”

Ta kwashe kaset ɗinta ta zuba a jaka.

Labari ya riga ta isowa Paris. A wurin kitso aka riƙa cewa Mariama ta je Lyon an koro ta da kayanta. Gida uku da suka yi magana da ita suka kira wani. Shekarar nan sau huɗu kawai ta ɗaga kamara, duka suna ne. Ta koma sharar ofisoshi. Batir biyu suka mutu don rashin aiki. Sai da wata Hajiya ƴar Tawa ta aurar da ɗiyarta, ta ce ita dai Mariama take so, don ita ce ba ta tsallake baƙin da suka zo daga nesa, sannan aiki ya dawo a hankali.

“Ban sake ɗaukar wasa ba,” in ji ta. “Na tsaya inda aka san ni.”

Ranar Alhamis ta zo da wata kular abinci mai ruwan ɗorawa, mariƙin kular ɗaya a karye. Kaset ɗin suna ciki a tsaye, an naɗe su da tsohon kallabi. Ta ce kula ba ta barin zafi ko laima su shiga. Kowace shekara bayan ƙaramar Sallah takan fito da su, ta tura kowanne har ƙarshe ta maido shi farko, don kada zaren ya manne da juna. Ba ta kallo. Turawa kawai take yi.

Bashir ya zo tun kafin a buɗe shagon waya. Ya tambaya ko za a iya zuba su duka a kwamfuta kafin azahar.

“Kaset na awa ɗaya, awa ɗaya yake ci,” in ji Gwaggo. “Ba ya jin sauri. Zauna.”

Aka sa na farko. Dandali ya fito, makaɗa suna ɗaure ganguna. Bashir ya matso har gwiwarsa ta bugi tebur. Minti biyu, sai kamara ta juya, ta bar dandalin, ta nufi wasu tsofaffin mata da ke zaune a kujerun roba ƙarƙashin bishiya. Kiɗa ya fara, ana jin sa, amma ba a ganin mai yi. Na kalli Bashir. Bakinsa ya ɗan buɗe. Ya jira. Kamara ba ta koma ba.

“Tanti,” ya ce a hankali, “mawaƙan fa?”

Gwaggo ta miƙa hannu wajen maɓallin fitar da kaset.

Daidai nan muryarta ta fito daga talabijin, muryar da ta fi ta yanzu siriri, tana cewa da Faransanci, “Mama, sunanki da garinku. Ki gaida mutanen gida.” Tsohuwar da ke hoton, mai ɗauri ja da rawaya, ta gyara zama. Ta faɗi sunanta, ta faɗi wani gari a Martinique, ta ce shekararta talatin tana aiki a asibiti a Lyon, ta ce a gaya wa ƙanwarta ƙafar ta yi sauƙi. Ta ɗaga hannu. Fuskarta ta fito sarai, har da ɗan tabo a gefen gira.

“Dakata,” in ji Bashir. “Don Allah, Tanti, kar ki cire.”

Na kusa da ita ƴar Komoro ce. Na gaba wani dattijo ɗan Mali da hularsa a gwiwa. Sai wasu ma'aikatan gini uku ƴan Kwango da suka rungume kafaɗar juna suna ƙwace magana. Kowa da sunansa, kowa da garinsu, kowa yana gaida uwarsa ko matarsa, ga ganga tana tashi a bayansu. Wasu ba su gane me ake nufi da mutanen gida ba, sai su yi dariya, sannan su yi shiru, sannan su faɗi suna.

“Duka taran haka suke?”

“Haka suke. Layi-layi, har masu sayar da soyayyar ayaba.”

Bashir ya lalubi aljihunsa bai samu takarda ba. Na yago masa shafi biyu daga kayena. Ya fara rubuta sunaye, ya cika su, ya juya bayansu.

“Mawaƙan nan ina da muryarsu,” ya ce. “Wasu ma ana ganin su a wasu wurare. Waɗannan ne ba wanda ya ɗauka. Tanti, da suna da gari ai zan iya nemo su!”

Gwaggo ta janye hannunta daga maɓallin, ta ɗora a cinya.

“Da sharaɗi,” ta ce. “Na san ku masu fim. Ƙifta ido, kun yanke, ƙifta ido, kun yanke. Ba za ka yanke min mutum yana tsakiyar gaida uwarsa ba.”

“Tanti, fim ɗin awa ɗaya da rabi ne. Ba zan iya sa kowa ba.”

“Wanda ka sa, ka bar shi ya gama. Kuma tsofaffin nan su ne farko.”

“A fim akan fara da abin da ya fi jan hankali.”

“A gidanku haka aka koya maka? Bari in kira Garwa in tambaya.”

Ya yi dariya, ya ɗaga hannu biyu. “Dakor, Tanti, na yarda. Tsofaffi farko.”

Kaset na shida ne ya ba da wahala, ranar Juma'a. Da ta ɗaga shi wajen taga, sai ga fari-fari a jikin zaren kamar an barbaɗa gari. Ta ce fumfuna ce, in aka sa shi haka zai ɓata kan na'urar, ya kuma tsinke. Ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta kwance ƙananan kusoshi huɗu, ta zuba su a murfin kwalba don kada su ɓace. Ta riƙe wani ƙyalle mai laushi tsakanin yatsu biyu, zaren yana wucewa ta ciki, tana juya ƙafar kaset ɗin da bututun biro. Ba ta dannawa, ba ta sakewa. In ƙyallen ya yi datti ta matsa zuwa wuri mai tsabta. Ta hana kowa magana. Mai shagon waya ya leƙo da shayi, ta kore shi da ido. Awa biyu da rabi aka yi. Wuri guda zaren ya yi lanƙwasa, ta yanke abin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ta haɗa bakin biyu da ɗan siririn salatif ta baya. Da aka sa, hoton ya yi rawa sau ɗaya a wurin, ya wuce. A cikinsa ne ruwan sama ya sauko, jama'a suka ɗaga kujerun roba bisa kai suka ci gaba da rawa.

Istaj ɗina ya ƙare a ranar. Fim ɗin kuwa shekara biyu ya ci. Bashir yakan kira Gwaggo, gaisuwa a taƙaice, ya ce ya samo wance a Marseille, wane ya koma Bamako, wance ta rasu amma ɗiyarta ta ce a zo.

Wata Lahadi muka shiga jirgin ƙasa zuwa Lyon don kallon fim ɗin, ni da ita da babana. Ta sa shadda shuɗiya. Ƙaramin gidan silima ne a unguwar Guillotière, ƙarfe uku na rana. Kujeru suka cika, wasu suka zauna a kan matakala. Na ga mata da kuloli, duk da an rubuta ba a shiga da abinci.

Aka kashe fitila. Ganga ta fara, sai ga tsofaffin nan a ƙarƙashin bishiya. Da mai jan ɗauri ta ce ƙafar ta yi sauƙi, wata mata a layi na uku ta ce da ƙarfi, “Maman!” Daga nan babu wanda ya sake yin shiru irin na silima. Fuska ta fito, a kira sunanta. Wani ya ce, “Kai, dubi gashinka a lokacin!” Wani ya amsa, “Yana gida, na ajiye!” Wasu suna amsa gaisuwar da ake yi a hoton kamar yanzu aka yi ta. Gwaggo tana zaune, jakarta a cinya, leɓenta yana motsi kaɗan. Ƙirgen numfashi take yi. Bashir bai yanke kowa ba.

Wajen ƙarshe aka nuno bayan dandali. Wani mutum ya naɗe hannun riga, yana ɗauke da kwalin ruwa a ka, wata mata tana bin sa da tawul tana yi masa faɗa ya huta. Muryar Gwaggo ta ce su gaida gida. Matar ta karɓe maganar, ta faɗi sunansu, ta ce a gaya wa mutanen Abeshe wannan taron duka mijinta ne ya haɗa shi.

“Tsaya!”

Wani tsoho ne ya miƙe a tsakiyar layi, yana dogara sanda. “A maido baya!”

Wani yaron silima ya ce ba a yin haka a nan. Jama'a suka ɗauka gaba ɗaya, “A maido! A maido!” Bashir ya ruga sama ɗakin na'ura. Hoton ya tsaya, ya koma, matar ta sake ɗaga tawul ɗinta. Babana ya raɗa min cewa Malam Isa ke nan, matar kuma ta rasu shekara huɗu da suka wuce.

Da aka kunna fitila, Bashir ya kira sunan Gwaggo. Aka yi tafi, matan kuloli suka rangaɗa guɗa. Ta miƙe rabi, ta koma ta zauna. Mutane suka yi layi suna gaishe ta. Sai layin ya buɗe, Malam Isa ya iso, ɗansa yana riƙe da gwiwar hannunsa.

“Hajiya, ina wuni?”

“Lafiya lau, Malam. Ina gajiya?”

“Ba gajiya. Ya mutanen Paris? Ya hanya?”

“Alhamdu lillahi. Ya ƙarin haƙuri?”

“Haƙuri sai godiya.” Ya sauya sandar zuwa ɗaya hannun. “Hajiya, ranar nan na yi magana gaban mutane. Yau ma gaban mutane zan yi. Ban san aikin ba. Ke kika sani.”

“Ya wuce, Malam.”

“Jikata za ta yi aure in bazara ta shigo. Ke nake so ki ɗauka.”

Gwaggo ta buɗe jaka, ta fito da ɗan littafin da take rubuta ranakun aiki, ta sa madubi.

“Wace Asabar?”

Ya faɗa. Ta bi shafin da yatsa, ta girgiza kai.

“An riga ka. Akwai suna a Belleville ranar. Ta bayanta ce babu kowa.”

Malam Isa ya juya wajen ɗansa. Ya ce, “Ka kira gidan ango. A ɗaga ranar.”